Auna nisan jirgin ruwa a teku da kyamara ɗaya: tambayoyi da amsoshi

Daga Katsina zuwa bakin teku tafiya ce ta yini guda da ɗoriya a mota, don haka idan wani ya ce ina ruwanmu da jirgin ruwa, ba a ga laifinsa ba. Sai dai kayan da suka cika shagunanmu, daga atamfa zuwa kayan gyaran babur, akasarinsu ta ruwa suka shigo, wasu ta Apapa, wasu ta Kwatano su biyo ta Maraɗi. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ga ɗaliban kwamfuta da injiniya a jami'o'i da kwalejojin jihar nan da ke neman aikin kammala karatu mai ma'ana. Daga bakin irin waɗannan ɗalibai ne tambayoyin nan suka fito. Na jera su yadda kowace amsa za ta share wa ta gaba hanya.

Malam, ai kyamara hoto kawai take ɗauka. Ta ina nisa zai fito?

Daga cikin hoton kaɗai ba zai fito ba, kuma gara ka riƙe wannan tun yanzu. Hoto tarin ɗigo ne da ake kira fiksel, kowane ɗigo kuma abin da yake faɗa maka shi ne daga wace fuska haske ya zo. Bai san tsawon tafiyar da hasken ya yi ba. Kwale-kwale mai tsawon mita 10 da ke nesa da kai da mita 200, da jirgin dakon kaya mai tsawon mita 200 da ke nesa da kilomita 4, fili ɗaya za su ci a cikin hoto, ba bambancin ko ɗigo guda.

Abin da kyamara ta iya shi ne auna kusurwa, kuma ta iya shi sosai. Don kusurwa ta zama mita, sai ka kawo mata wani sani daga waje: ko ka san girman abin da kake kallo, ko ka san tsayin kyamararka daga fuskar ruwa, ko ka san yadda ita kyamarar ta motsa tsakanin hoto da hoto. Duk wata dabara da za ka gani, har da masu manyan sunaye, a kan ɗaya daga cikin ukun nan take tsaye.

To me ya sa ba za a sa kyamara biyu ba, kamar idon mutum?

Ana sawa, kuma a kusa tana aiki. Idanunka biyu akwai kamar santimita 6 da rabi tsakaninsu, shi ya sa kake iya zura zare a allura, amma ba da wannan kake gane nisan motar da ke can ƙarshen titi ba. Kyamara biyu ma haka suke. Idan ka raba su da mita ɗaya, da irin kyamarar da za mu riƙa misali da ita nan gaba, jirgin da ke mita 100 zai goce da fiksel 20 tsakanin hoton dama da na hagu. Wanda ke kilomita 2 kuwa fiksel ɗaya tak. Iska ta ɗan lanƙwasa ƙarfen da aka ɗaure su a kai, ko rana ta dumama shi, wannan fiksel ɗin ya tafi. A teku abubuwa da nisa suke, kyamara ta biyu sai ta zama ƙarin kuɗi da ƙarin ciwon kai.

Ba akwai rada da AIS ba? Wane giɓi kyamara za ta cike?

Akwai, kuma babu mai hankalin da zai ce a ajiye su. Rada tana aika sigina ta jira ya dawo, daga lokacin da ya ɗauka take fitar da nisa kai tsaye, dare ko rana. AIS kuma na'ura ce da jirgi ke shelanta kansa da ita ta rediyo: sunansa, inda yake, gudunsa, inda ya dosa, har tsawonsa da faɗinsa. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta wajabta ta tun ƙarshen shekarar 2004 a kan jiragen da suka kai tan 300 masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe, da jiragen kaya da suka kai tan 500 ko da ba sa fita ƙasarsu, da kuma jiragen fasinja.

Duba waɗanda dokar ba ta kama ba, za ka ga giɓin. Masuncin da ke cikin kwale-kwalen katako ba shi da AIS, kuma katako ba ya mayar da siginar rada yadda ƙarfe ke yi, musamman idan igiyar ruwa ta tashi. Ɗan fashin teku ba zai shelanta kansa ba. Ɓarawon ɗanyen mai kashe tasa yake yi. Sannan rada tabo kawai take nuna maka a allo, ba ta ce maka wannan jirgin kamun kifi ne ko gungumen itace ba. Kyamara tana ganin siffa, tana da araha, ba ta fitar da sigina balle a san tana kallo. Idan aka samu nisa daga gare ta, ko da na kintace ne, an samu abin da za a gwada da tabon rada a ce wannan shi ne wancan.

Mu fara da hanya mafi sauƙi. Idan na san girman jirgin fa?

Lissafin bai wuce na ɗan sakandare ba. Kowace kyamara tana da wata lamba da ke nuna ƙarfin zuƙowarta, ana ƙirga ta da fiksel. Ka ninka wannan lamba da ainihin tsayin abin, ka raba da yawan fiksel da ya ci a hoto, abin da ya fito shi ne nisa. A ce lambar kyamararka 2,000 ce, jirgin kuma daga ruwa zuwa ƙololuwarsa mita 30 ne, a hoto ya ci fiksel 20. Dubu biyu sau talatin, a raba da ashirin, mita 3,000 ke nan.

Ba sabon abu ba ne. A shekarun 1890 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Bradley Fiske, ya ƙera na'urar hannu da ke yin wannan aiki, mutum ya saita tsayin jirgin da ya sani, ya leƙa, ya karanta nisa. Matuƙa jirgi kuma sun daɗe suna auna kusurwar hasumiyar fitila ta bakin gaɓa, su duba tsayinta a taswira, su san ratar da ke tsakaninsu da tudu.

Inda gizo ke saƙa shi ne sanin girman. Babbar tankar mai idan ta yi lodi tana nutsewa da kusan mita goma fiye da lokacin da take wayam, ka ga tsayin da ke saman ruwa ya canza. Idan da tsawon jirgi kake aiki, to ya danganta da yadda ya juyo maka. Jirgin da ya ba ka gefe sosai ya ci fiksel 100, idan ya karkato da digiri 60 zai koma wajen rabin haka, lissafinka ya ce ya ninka nisa alhali bai gusa ba. Kuma ka lura da ɓangaren da kuskuren ya faɗa: jirgin da ya juyo kanka shi ne zai yi kamar ya fi nisa. Saboda haka tsayi ya fi tsawo aminci.

Akwai wata dabara da nake so. Kwantenar da kake gani a bayan tirela a hanyar Funtuwa girmanta ɗaya ne a duk duniya: tsawo ƙafa 20 ko 40, tsayi mita 2.59, dogayen cikinsu kuma mita 2.9. Idan ka ga an jera biyar a kan jirgi, kana da ma'aunin kusan mita 13 zuwa 14 da rabi a gabanka, ba sai ka san sunan jirgin ba.

Ina zan samo wannan lambar ta kyamara?

Auna ta za ka yi da kanka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali. Samu sanda mai mita 2 cif, ka kafa ta a fili, ka ja baya mita 20 da tef, ka ɗauka tana tsakiyar hoto. Idan ta ci fiksel 200, lambarka 2,000 ce. Maimaita a mita 40 ka ga ko za ta ci 100.

Mai son aiki mai tsafta zai buga hoton allo mai gidajen baƙi da fari, ya manna a katako, ya ɗauke shi ta fuskoki daban-daban, ya ba manhajar sarrafa hoto ta OpenCV ta fitar masa da lambar tare da gyaran lanƙwasar da gilashin kyamara ke yi a gefen hoto. Hanyar Zhengyou Zhang ce, wadda aka wallafa a shekarar 2000, har yau ita ake bi.

Abubuwa biyu ne ke kayar da ɗalibai a nan. Wani ya auna lambarsa, ya je bakin ruwa ya sa yatsu biyu ya zuƙo hoton, lambar ta tashi aiki. Wani kuma ya tura wa kansa hotunan ta WhatsApp don ya buɗe a kwamfuta, manhajar ta matse su ta rage fiksel, ya kwana yana neman kuskure a cikin manhajar da ya rubuta. A kwafe hoto da kebul, ko a tura shi a matsayin fayil.

Idan ban san komai game da jirgin ba fa, ko irinsa?

Nan ne teku ke ba ka abin da tudu ba ya bayarwa. Fuskar ruwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma tana da layi a ƙarshenta inda sama ta haɗu da ruwa, wato iyakar gani. Duk abin da ke yawo a kan ruwa yana da wurin da jikinsa ya taɓa ruwan. Idan yana kusa da kai, wannan wuri zai sauko ƙasa a hoto. Idan yana nesa, zai haura ya matsa kusa da layin. Ratar da ke tsakanin layin iyakar gani da gindin jirgin, idan ka haɗa ta da tsayin kyamararka daga ruwa, ta isa ta ba ka nisa. Jirgin ko na wane ne, ko wane iri ne, bai dame ka ba.

Sai dai layin nan ba a ƙarshen duniya yake ba, domin duniya ƙwallo ce mai kimanin kilomita 6,371 daga tsakiyarta zuwa bayanta. Nisan iyakar gani ya danganta da tsayinka, wato tsayin idonka daga fuskar ruwa. Ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayinka a mita, ka ninka ta da 3.57, ka samu kilomita. Mai tsayuwa a bakin ruwa idonsa na mita 2, kilomita 5 yake gani. Kyamara a mita 10, kilomita 11.3. A mita 30, kamar ɗakin tuƙin babban jirgi, kusan kilomita 20. Kuma layin yana ɗan sunkuyawa ƙasa da daidai idonka, a mita 10 sunkuyawar kashi ɗaya cikin goma na digiri ce. Ƙarama ce, amma wanda ya manta da ita lissafinsa na nesa ba zai taɓa daidaita ba.

Da wannan sunkuyawar ce Abu Raihan al-Biruni ya auna girman duniya a farkon ƙarni na 11. Ya fara auna tsayin wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya hau ya auna yadda iyakar gani ta sauko, ya fitar da adadi mai kusanci da wanda muka sani. Mu juya lissafin nasa kawai muke yi: shi ya san tsayi da kusurwa yana neman girman duniya, mu mun san girman duniya da tsayi da kusurwa muna neman jirgi. Masu ƙidayar manyan kifayen teku ma haka suke yi da madubin hangen nesa mai zane-zane a ciki, su ɗora zanen farko a kan iyakar gani su ƙirga zuwa inda dabbar ta ɓullo.

Har zuwa ina zan yarda da amsar da ta ba ni?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ɗalibai suka fi gudu. Mu ɗauki kyamarar nan mai lamba 2,000, a tsayin mita 10. Jirgin da ke mita 500 gindinsa zai kasance fiksel 36 da ɗoriya a ƙarƙashin layin. A kilomita ɗaya, wajen 17. A kilomita 2, wajen 7. A kilomita 3, uku da rabi. A kilomita 5, ɗaya da 'yan kai. Daga nan har kilomita 11, duk tekun da ya rage a cikin fiksel ɗaya ya dunƙule.

Yanzu ka yi kuskuren fiksel ɗaya wajen gano layin, abin da ba makawa sai ya faru. A mita 500 ka yi asarar kamar mita 12, ba komai. A kilomita ɗaya, mita 50. A kilomita 3 amsarka tana yawo tsakanin 2.6 da 3.6. A kilomita 5 kuwa tana iya zama 4, tana iya zama 8. Ka ga kuskuren ba a hankali yake girma ba, tsalle yake yi.

Shi ya sa idan ɗalibi ya kawo mini manhajar da ke rubuta "mita 4,372" a kan jirgin da ke manne da iyakar gani, nakan ce ya goge. Lambar tana da kyau a allo, amma kyamarar ba ta ga abin da zai ba ta ikon faɗin haka ba. Abin da ya dace ta rubuta shi ne "tsakanin kilomita 4 da 8", ko "ya wuce kilomita 4". Matuƙin jirgi zai iya aiki da wannan. Jirage biyu da ke fuskantar juna kowanne yana gudun mil 15 na teku a awa, mil ɗin teku kuwa mita 1,852 ne, za su cinye kilomita 3 cikin minti uku da 'yan daƙiƙu. Wanda aka gaya wa yana da sauran fili alhali babu, ya fi wanda ba a gaya wa komai ba shiga haɗari.

Magani biyu ne: a ɗaga kyamara sama, ko a sa gilashi mai zuƙowa. Lamba 8,000 za ta ninka maka waɗancan fiksel sau huɗu, amma za ka koma leƙen ɗan yanki kaɗan na teku. Shi ya sa ake haɗa mai faɗin gani da mai zuƙowa, ɗaya ta hango, ɗaya ta auna.

Idan jirgin ya wuce iyakar gani fa?

Za ka ga samansa, ba za ka ga gindinsa ba, ƙundun duniya ya rufe shi. Daga mita 10, jirgi mai tsayin mita 30 zai fara leƙowa tun yana wajen kilomita 31. A kilomita 20, kusan mita 6 na ƙasansa a ɓoye suke. Manhajar da ba a koya mata wannan ba za ta ga ya zauna a kan layin, ta ce yana kilomita 11. Abin da kawai za a iya cewa shi ne ya kai hakan ko ya wuce. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Duk wannan a kan kyamarar da ke tsaye ne. Wadda ke kan jirgi mai tangaɗi fa?

Jirgi yana karkata dama da hagu, yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, yana kuma hawa da sauka gaba ɗayansa. Biyun farko ba su da wuya idan ana ganin iyakar gani, domin layin da jirgin da kake aunawa tare suke motsi a hoto, ratar da ke tsakaninsu ba ta canzawa. Sai dai dole a sake gano layin a kowane hoto. Idan tudu ko hazo ya rufe shi, sai a koma kan na'urar auna karkata, irin wadda ke juya maka allon waya amma mai inganci. Ka tuna fiksel ɗaya a misalinmu bai kai kashi uku cikin ɗari na digiri ba, na'urar waya ba ta da wannan kaifin.

Hawa da saukar ce mai wuya, don tana canza tsayin kyamara. Idan kana mita 10 igiya ta ɗaga ka mita ɗaya, nisan da ka lissafa ya kauce da kamar kashi goma cikin ɗari. Ƙaramin jirgi mai kyamara a mita 2 abin ya fi muni. Ga shi igiyar tana rufe gindin jirgin da kake kallo tana buɗewa. Abin da ake yi shi ne a bar dogaro da hoto ɗaya, a tara awon daƙiƙu da yawa na bidiyo a ɗauki na tsakiya. Ko kyamarar da aka kafa a gaɓa ba ta tsira ba, tunda ruwan teku yana cikowa yana janyewa kullum, tsayinta na safe ba shi ne na yamma ba.

Hazo da dare fa?

Hazon hunturu da muke sha a nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana kaiwa har gaɓar Legas da Tekun Gini. Idan ya sauka, sama da ruwa launi ɗaya suke komawa, manhaja ta kama wani layi na bogi da ya fi na gaskiya kusa, duk awon ya gurɓace. Gara ta ce ba ta ga layi ba.

Ko da sararin sama garau yake, iska tana lanƙwasa haske. A yanayi na yau da kullum wannan yana ƙara wa iyakar gani kamar kashi takwas cikin ɗari, shi ya sa matuƙa ke amfani da 3.86 a maimakon 3.57. Ranar da zafin ruwa da na iska suka bambanta sosai kuwa, sai a samu kawalwalniya irin wadda kake gani a kan kwalta tsakanin Katsina da Daura da tsakar rana a watan Afrilu. Jirgi ya yi kamar yana shawagi a sama, ko ya miƙe, ko ya kife. A kusa wannan ba ya ɓata awo sosai, a nesa yana rusa shi.

Da dare kyamarar gida fitilu kawai take gani: ja a hagun jirgi, kore a damansa, fari a sama. Suna gaya maka inda ya fuskanta, amma ba a kan ruwa suke ba, don haka dabarar layi ba ta aiki da su. Kyamara mai ganin zafin jiki tana ganin jirgin da layin duka a cikin duhu. Tsadarta ce matsala, kuma da yawansu fiksel 640 ne a faɗi, ka ga awon zai fi na rana kauri.

Ƙirƙirarriyar basira ba za ta warware duk wannan ba?

Tana warware wani ɓangare, kuma da kyau. Manhajoji irin su YOLO suna gano jirgi a hoto su zana masa akwati cikin ƙiftawar ido, wasu kuma suna raba hoto su ce nan ruwa ne, nan sama, nan tudu. Aikin da ɗan'adam zai gaji da shi ne. Amma ka duba ƙasan akwatin da kyau, sau da yawa yana haɗawa da inuwar jirgin ko kumfar da ya bari, ya sauko da fiksel uku ko huɗu. Ga mai neman sanin akwai jirgi, wannan ba laifi ba ne. Ga mai awo, ka riga ka ga abin da fiksel uku ke yi.

Akwai kuma manhajojin da ake ba hoto ɗaya su fitar da zurfin komai, irin su MiDaS. Yawancinsu cewa suke wannan ya fi wancan kusa, ba su ba ka mita ba. Waɗanda ke ba da mita kuma an fi horar da su da hotunan tituna da ɗakuna. Shahararren tarin hotunan KITTI, wanda aka ɗauka a titunan Karlsruhe ta Jamus, a mita 80 ake tsayar da gwaji da shi. Abin da ya koyi mita 80 tsakanin motoci da gine-gine ba zai san kilomita 3 a kan ruwa ba.

Ana iya horar da manhaja ta kintaci nisa kai tsaye, idan aka haɗa kowane hoto da nisan gaskiya daga AIS ko GPS. Tana aiki, amma ka san abin da ta koya: girman jiragen da ta saba gani da inda suke zama a hoton wannan kyamarar, a wannan tsayin. Canza kyamara ko ka sauke ta ƙasa, ta rikice ba tare da ta sanar da kai ba. Kuma tunda AIS ce malamarta, manyan jirage ta sani. Tarin hotunan da ake samu kyauta, na ruwan Singafo da na gaɓar China, ba za ka ga kwale-kwalen Yawuri ko na Baga a ciki ba. A ganina gara a bar wa basirar aikin gano jirgi da layi, a bar wa lissafi aikin awo, don idan amsa ta kauce ka san inda za ka duba.

Idan ban samu nisa ba, zan iya sanin ko za mu yi karo?

Za ka iya, kuma a nan kyamara ɗaya ta fi ƙarfi. Dokokin hana karo a teku na 1972, a doka ta 7, sun ce idan jirgi yana matsowa kuma kusurwar da kake hango shi a kamfas ba ta canzawa, a ɗauka akwai haɗarin karo. Kusurwa ce zalla, abin da kyamara ta ƙware a kai. Sannan yadda yake kumbura a hoto yana ba ka lokaci. Idan ya tashi daga fiksel 40 zuwa 50 cikin minti ɗaya, ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na ratar, saura minti huɗu idan ba wanda ya canza gudu ko hanya. Ba ka buƙaci girmansa ko tsayin kyamararka ba.

Malam, mu da ba mu da teku, a ina za mu gwada?

Fara a tudu. Hasumiyar Gobarau tsayinta wajen mita 15 ne, da lamba 2,000 za ta ci fiksel 100 daga mita 300. Za ka tarar gidaje sun rufe maka gindinta daga kusan ko'ina, wanda shi ne darasin jirgin da ya wuce iyakar gani tun kafin ka je ruwa. Filin ƙwallo ma ya isa gwajin dabarar tsayin kyamara, ka hau bene ka sa abokinka ya tsaya a wuraren da ka auna.

Sannan ga madatsun ruwa: Zobe a Dutsin-Ma, Ajiwa kusa da Katsina, Sabke a ɓangaren Daura, da na Jibiya. Abin da za ka kula shi ne a dam ba iyakar gani ta gaskiya kake gani ba, gaɓar tsallake ce. Kada ka ɗauke ta a matsayin layin teku. Ka nemo nisanta daga taswirar tauraron ɗan'adam, ka lissafa kusurwarta, ka riƙa aunawa daga gare ta. Ka yi magana da Sarkin Ruwa ko masuntan wurin a ba ka kwale-kwale da matuƙi, ka sa waya mai GPS a ciki tana rubuta inda take, agogonta daidai da na kyamara. Kuskuren GPS na waya 'yan mitoci ne, ya ishe ka. Ka auna tsayin kyamara daga fuskar ruwa da igiya mai dutse a baki, kuma ka sake aunawa duk ranar da ka koma, don ruwan dam na watan Satumba ba shi ne na watan Mayu ba.

Wanda zai shiga kwale-kwale ya sa rigar kariya. A nemi izinin masu kula da dam kafin a kafa kyamara, a kuma tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki kafin a tashi.

A Najeriya ana amfani da irin wannan?

Ana haɗa kyamarori da rada wajen sa ido a ruwan ƙasar nan, mai gaɓar kusan kilomita 850. A watan Yunin 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, a Legas, a shekarar kuma aka buɗe tsarin Falcon Eye na sojojin ruwa. A irin waɗannan manyan tsare-tsare rada ce ke ba da nisa, kyamara ta tabbatar da ko mene ne. Awo da kyamara kaɗai ya fi amfani inda ba kuɗin rada, kamar ƙananan jiragen fasinja a kogin Neja da tafkin Kainji.

Wace kyamara zan saya don aikin makaranta?

Wayarka ta isa farawa, idan ka kashe zuƙowa da gyaran girgiza, ka ɗaure ta a kan ƙafa mai ƙarfi. In akwai kuɗi, kyamarar tsaro mai gilashi kafaffe ta fi, don lambarta ba ta canzawa. Ragowar kuɗin ka sa su a tef mai tsawo, da kuɗin mota zuwa dam, da sallamar mai kwale-kwale. A rahotonka ka nuna kuskuren mita 100, da na 300, da na 500, da na kilomita ɗaya, kowanne daban, ka kuma rubuta nisan da daga shi manhajarka ta daina ba da lamba.